Zarto, Ko Kuwa So

Sunanshi na gaskiya zarto. Haka tsohon da yak koya mani kafinta a garin Isa ka kiranshi, in ka ce wani abu daban sai shi yi kamar bai ji ba. Amma mu da munka tashi a rumfunan kasuwa mun ɗauko "so" daga bakin masu saida katako, su kuma daga bakin Bature. Miƙo so, wasa so, wa yaɗ ɗauki sona. Tun firamare nib bar boko, ban san yadda aka rubuta shi da Turanci ba, ban kuma damu ba. Abin da nis sani, ƙarfe ne mai haƙora, kuma da gangan muka karkata haƙoran, ɗaya dama, na bayanshi hagu. In ka bar su a miƙe, zarto shi shiga icce shi cije, ka yi ta ja har kafaɗarka ta mutu.

Matata daga ƙetaren iyaka take, wani ƙauye na Nijar. Tana amarya, a gidanmu na wajen Tsamaye, ina gyara ƙyauren ɗaki nic ce ta miƙo mani so. Tas shiga madafa, sai ga ta da bokiti, har ta cika shi da ruwa don ladabi.

Nic ce, "Ke, wanka nic ce za ni yi?"

Tac ce, "Malam, ba so kac ce ba? Ga shi."

Ashe a garinsu bokiti ne so, Faransa tab bar masu. Nin nuna mata zarton rataye ga ƙusa. Tad dube shi, tad dube ni.

"Wanga ai zarto na. Ku 'yan Ingila komi sai kun ɓata mai suna."

So na uku, wanda samari ka faɗa wa 'yan mata a bakin zaure, ba mu taɓa faɗa wa juna shi ba. Mu ba irin waɗannan mutanen ba ne.

Ba ni da abin matse katako, sai taz zama ita ce. In za ni tsaga dogon katako a tsakar gida, sai ta zauna bisa ƙarshenshi da faifanta, tana tsince gero ko tana ɓare gujiya. Katako bai motsi. Garin icce na sauka bisa zaninta, tana kakkaɓewa tana mita, wai na maida ta dutse. Da kunne take gane zarto ya dushe, kafin hannuna shi gane. "Abinka ya fara kuka, Malam," sai in ɗauko magagari in bi haƙoran ɗaya ɗaya.

Sai ɓarayin daji sunka hana mu noma, sunka hana mu kwana gida. Randa sunka kora shanun maƙwabta, 'yan'uwanta sunka zo da babura sunka ɗauke ta da ɗiyanmu. Tac ce in bi su. Nic ce ni ba ni zama gidan surukai in jira a miƙo mani tuwo ta kan danga. Nid ɗaure zartona cikin buhu nit taho Sabon Birni.

Yanzu ina raɓe a rumfar wani. Shi da inji yake yanka, ni aka ba ragowar aiki: ƙafar benci, murfin akwati, abin da inji ya raina. Gwiwa nika dannawa bisa katako, kuma gwiwar ta fara ƙi. Wani lokaci in aza bulo. Bulo na riƙewa, ba laifi. Ranar kasuwa in ji matan Nijar na ciniki da irin bakinta, sai in tsaya da zarto cikin icce har su wuce.

Satin da yaw wuce ƙanenta yaz zo saro kaya, yat tarad da ni. Mun gaisa, ya ce ɗiya lahiya lau, babbar har ta fara kitso. Sannan yas sunkuyar da kai.

"Yaya, tsohonmu ya aiko ni. Ko ka taho ka zauna, ko ka sawwaƙe mata. Mace ba ta zama hakanan, ba aure ba zawarci."

Nic ce, "Ita mi tac ce?"

"Ta ce wurin kwana akwai."

"Kafintoci fa, can garin naku?"

"Sun yi yawa. Kowa da injinai."

Nic ci gaba da yanka. Ban san mi nika yankawa ba, har nib bar layin da niz zana. Can nic ce shi gaya mata ta yi mani haƙuri zuwa kaka, ƙila hanya ta lafa mu koma gidanmu gaba ɗaya.

Yat tashi, yak kakkaɓe rigarshi.

"Haka kac ce bara, Yaya. Ni dai za ni faɗa mata. Amma tsoho ya ce ba shi sake aiko kowa."