Watan da Aka Daina Sayen Ƙosan Iya

Ina aji biyar a firamare a Rogo hedimastanmu ya je Kano, ya kwana a gidan ƙaninsa mai talabijin. Da ma bai je ba. A can ya ga yaran Habasha da yunwa ta mayar ƙashi da rai, ya dawo mana da abin a zuciya. Ranar Litinin a asambule ya yi ta bayani, sannan ya ɗaga wani ƙaton gwangwanin madara da aka huda wa murfi. Ya ce wata guda cur ba mai sayen komai lokacin tara. Duk wanda aka ba sisi ko sule a gida ya jefa a ciki, za a haɗa a aika wa masu yunwa. Muka yi ta tafi, har da ni sarkin rawar kai.

Sai da aka kaɗa ƙararrawar tara hankalina ya dawo jikina. Ni a hannun kakata na tashi, muna ce mata Iya, kuma Iya ce mai ƙosan bakin makaranta. Abin da yaran nan suke saya da safe shi ne tuwonmu na dare. Na leƙa ta taga na hango ta a gindin darbejiya, mai yana tafasa, ƙosai ya cika kwano, ba kowa a gabanta sai kajin unguwa.

Haushi ya turnuƙe ni, kuma har yau in na tuna sai ya taso. Gida bai ƙoshi ba an kai wa dawa. Hedimasta ya ce shi ma ya bar shan shayi, to sai me? Mai shayinsa yana da direbobin tasha da 'yan kamasho. Iya mu kaɗai gare ta, tasha kuwa tana da masu ƙosanta waɗanda ba za su matsa wa kowa ba.

Satin farko ƙosai muka ci safe da rana da dare, har na tsani warin man gyaɗa. Iya ta rage wake daga mudu biyu zuwa ɗaya, daga nan zuwa rabi. A sati na biyu miyar kukarmu ta rabu da daddawa. Na yi ta jiran Iya ta yi magana, don bakinta ba ya ragawa ko da mai unguwa ne, amma ko uffan. Kullum sai ta hura wuta ta zauna kamar ba abin da ya faru. Wannan shirun ya fi komai ƙona mini rai.

Da na ga haka sai na ɗauki mataki da kaina. Nakan ƙunshe ƙosai a takarda in tura cikin jakar littattafai, lokacin tara in zagaya bayan aji in buɗe kasuwa. Na gaya wa 'yan ajinmu Habasha ta fi Makka nisa, kafin sulallansu su isa an yi girbi. Ba su sha wuyar yarda ba, su ma cikinsu yana kuka. Kwana uku na yi ina tarawa, sannan na zube wa Iya kuɗin a kan zaninta ina jiran albarka.

Ta tambaye ni inda na samu, na faɗa mata har da ƙarin gishiri. Ta ƙulle su a bakin mayafi. Washegari ta kama wuyan hannuna har ofishin hedimasta. Raina fes, na ce yau zai ji abin da ya jawo mana.

Suka gaisa, ta tambayi iyali da gajiya da ɗawainiyar yara. Sai ta kwance mayafin, ta jawo gwangwanin, ta fara jefa kuɗin ɗaya bayan ɗaya. A lokacin ne hedimasta ya gane ɓarnar da ya yi. Ya dafe murfin ya ce, "Iya, ashe ke muka kashe wa kasuwa? Don Allah ki bar su."

Ta ture hannunsa. Ta ce, "Malam, kuɗin nan ba nawa ba ne, an riga an ba yaran Habasha. Ni ciniki na rasa, su yunwa suke ji. Na san ta. Shekarar da ta zo mana a ƙauye 'ya'ya biyu na binne."

Ban taɓa sanin mahaifiyata tana da yayye ba sai ranar. Amma ba zan yi ƙarya ba, haushin bai tafi ba, don waken ya ƙare kuma ba kuɗin sayen wani.

A hanyar gida na tambaye ta cikin ƙunƙuni, to yanzu me za mu ci. Ta ce akwai sauran tsaki, za ta dama mana kunu. Na ce ni ba na son kunun tsaki.

Ko waiwayowa ba ta yi ba. Ta ce, "Kin ji ko? Mai yunwa ba ya cewa haka."