Auta, ba huce kike nema ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan jiya, ciwon ƙoda ya raba mu da ke, Auta, ƙanwata.

Mutane sun cika gida da ta'aziyya, amma kalmar da ta fi yawo ita ce "ta huta". Wasu har da rage murya su ƙara da "mu ma mun huta". Na ji, kuma raina ya ɓaci.

Sun manta ke ce telar da ta ɗinka wa marayun layinmu kayan makaranta, kika rantse ragowar yadi ne, alhali na ga sabon bandir a ƙarƙashin kekenki. Abin da suka riƙe shi ne da safe ki ce babu kamar mutum, kafin la'asar ki ce ba kya son ganinsa.

Gwaggo ta ce aljanu ne. Kawu ya ce shagwaɓar auta ce. Likitan farko ya ce ciwon nan ne mai ɗaga mutum sama ya sauke shi ƙasa, ya ba ki ƙwayoyin da suka sa ki gyangyaɗi a kan keke. Sai da muka sha yawo kafin wata likita ta zauna ta saurare ki. Ta ce wancan ciwon yakan riƙe mutum makonni a hali ɗaya, ko an taɓa shi ko ba a taɓa shi ba. Naki kuwa, da suke kira bodalayin a Turance, cikin sa'o'i yake juyawa, kuma kusan kullum tsoron a guje ki ne ke tayar da shi. Ba muryoyi kike ji ba, ba kuma baƙin cikin da ke kwantar da mutum wata da watanni ba ne. Abin da ke kunna naki waya ce da ba a ɗaga ba, ko ƙofa da aka ja. Ta ce zaman tattaunawa da likita ya fi ƙwaya yi miki amfani.

Na kai wannan bayani gida har bakina ya gaji. Amma maganin gidanmu ɗaya ne: "A bar ta ta huce." Kowa ya tashi ya fice, a ja miki ƙofa. Abin da kika fi tsoro a duniya shi muka mayar magani!

Jiya 'yarki ta shiga shagonki ta rungume kekenki tana kuka, ta ture duk wanda ya matso. Gwaggo ta ce, "Halin uwar ne sak. Ku fito, a bar ta ta huce."

Na ce, "Gwaggo, ku yi haƙuri, ni kam ina nan."

Na zauna a ƙasa cikin ƙyallaye. Yarinyar ta riƙe bakin zanena har ta daina kuka.

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, da mijinki, da wannan yarinya. Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya sa jinyarki ta zama kaffara. Ya saukar da ke inda ba wanda zai ja miki ƙofa ya tafi.