Ni Na Tone Ginshiƙin Iyakar Fadamar Kawuna

Lokacin ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ni mutum ne mai shegen bin ƙwaƙƙwafi. Ko rediyo na saya sai na kwance ta na ga inda maganar ke fitowa. Ƙauyenmu yana bakin kogin da ya raba ƙasarmu da maƙwabciyarta, kuma kogin ba ya zama wuri ɗaya, duk damina sai ya sake hanya. Shi ya sa wajen sanin iyaka ba ruwan ake dubawa ba, wani tsohon ginshiƙin siminti ne da Turawa suka kafa a gefen fadamar da kawuna ke noman albasa. Muddin yana tsaye, fadamar tana ɓangarenmu.

Tun muna yara ake cewa Bature ba ya kafa irin wannan a banza, akwai kwalbar zaiba mai tsadar gaske a ƙarƙashi. Wallahi ba arziki nake nema ba, so nake kawai in gani da idona. Ran wata Juma'a da kowa ya tafi masallaci, na ɗauki diga na yi ta haƙa har ginshiƙin ya kwanta. Ban tarar da komai ba sai jar ƙasa da tururuwa. Na tayar da shi yadda na iya, na tura ƙasa, na kama gabana. Ambaliyar shekarar ta yi gaba da shi.

Da mutanen tsallake suka ce fadamar tasu ce, jami'an ƙasashen biyu suka zo. Kawu ya ja su yana cewa su zo su ga shaida, aka je babu ko alamarta. Sai suka ce to a bi ruwa, ruwan kuwa a shekarar ya zagayo ta bayan fadamar. Haka ta koma tsallake. Kawu ya rantse cewa amininsa na can ne ya tone, suka daina ko gaisawa. Ni kuwa kunya da tsoro suka koro ni Suleja, ina haya a Maje ina aikin birkila a Abuja.

Na koyi cewa ba duk abin da ido ke so ya gani ba ne hannu zai taɓa. 'Yan'uwa, in kun tarar da abin da magabata suka kafa, ku tambaya kafin ku haƙa, in kuma kun yi ɓarna ku faɗa tun mai haƙƙin yana raye. Kawu ya rasu bara. Har ya koma ga Allah, duk zuwan da na yi gida sai ya yi Allah ya isa ga wanda ya tone, ni kuma ina gefensa ina cewa amin.