Dramani da Injin Ƙwaƙwalwa

Dramani ɗan unguwar Maamobi ne. Ubansa daga arewa ya zo, ya yi dako a Kasuwar Malam Atta har ƙarfinsa ya ƙare. Shi kuwa ya koyi aikin ɗaukar hoto na asibiti, ya samu gurbi a wata cibiyar bincike mai injin da ke nuna sashen ƙwaƙwalwar da ke aiki idan mutum yana tunani ko motsa yatsa.

Shekara goma sha ɗaya, kowace safiya yakan riga kowa isowa. Sai ya ɗauko wani ƙwallon roba cike da ruwa mai kauri, ya ajiye shi inda ake ɗora kan mutum, ya kunna injin. Ƙwallo ba ya tunani, ba ya motsi, don haka duk canjin da ya fito a hotonsa daga injin ne.

Bai taɓa raina aikinsa ba sai da Nuhu ya dawo. Tare suka yi makaranta a unguwar Nima, kuma Dramani ne ke biya masa karatu. Yanzu Nuhu ya dawo daga waje ana ce masa Dokta, yana bincike a kan masu shanyewar jiki da wannan injin. A gidan suna, dattawa kan ce a ba shi kujera. Dramani kuwa "mai kunna inji" ne.

Matarsa Sala ta ce, "Maigida, wai me Nuhu ya yi maka?"

"Ba komai," in ji shi. Abin da ya fi ci masa rai ke nan.

Wata Talata ya ga layin da gwajin ƙwallon ke zanawa, wanda ya saba tafiya a miƙe, ya karkace. Ya duba na baya: mako uku ke nan yana zamewa kaɗan-kaɗan. A cikin makonnin ne Nuhu ya ɗauki hotunan marasa lafiyarsa, har yana ta murnar ya ga alamar ƙwaƙwalwarsu na farfaɗowa. Dramani ya ji wani sanyi a ransa. In ya yi shiru, Nuhu zai kai wannan gaban manya a taro, su kunyata shi. Ya ja bakinsa.

Ran Jumma'a wata tsohuwa 'yar Nima, cikin marasa lafiyar Nuhu, ta shigo tana jan ƙafa. Ta kama hannunsa ta ce, "Ɗana, Dokta ya ce kaina yana gyaruwa."

Dramani ya kasa kallon idonta. Tana fita ya kwashi takardun gwajin ya nufi ofishin Nuhu.

Nuhu ya daɗe yana dubawa. "Yaushe ka ga wannan?"

"Talata."

"Yau Jumma'a, Dramani."

"Na sani."

Nan take Nuhu ya aika a duba injin. Injiniya ya zo ya gano abin da ke sanyaya injin ne ya lalace. Aka gyara, aka sake kiran marasa lafiyan ɗaya bayan ɗaya. A wasu alamar ta ɓace, a wasu kuma tana nan. Tsohuwar tana cikin na biyun.

A taron, Nuhu aka yaba wa saboda taka-tsantsan. Sunan Dramani yana can ƙasan shafin ƙarshe, cikin waɗanda aka gode wa. Ya karanta sau biyu a cikin motar haya ta trotro, ransa a dagule, har ya wuce tashar da zai sauka.