Kofin Pauline

Ina tsugune a bakin murhu a gidan 'yata Nasiha ina dafa mata ruwan wankan jego, sai na ji moto, wato babur, ta tsaya a ƙofar gida. Junior ne, babban ɗan Pauline. Ya yi sallama, ya ƙi zama. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce, "Mama Iyatu, mamata ta rasu da hantsi." Na zauna a ƙasa. Ruwan ya yi ta tafasa, na kasa tashi in sauke.

Pauline maƙwabciyata ce a unguwar Poumpoumré, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Kirista ce, daga duwatsun wajen Mayo-Oulo. Sana'arta suyar gyaɗa, ta ɗura a kwalabe ta sayar a bakin titi. Hausarta ta kasuwa ce, gauraye da Fulatanci. Ba ungozoma ba ce, ita ma takan faɗi haka. 'Ya'ya shida ta haifa ta raina, kuma duk abin da aka gaya mata a wurin awo ta riƙe shi. Shi ke nan iliminta.

Ni daga Banyo aure ya kawo ni Garoua. Ɗana na fari bai cika wata biyu ba gudawa ta ɗauke shi, a tsakiyar bazara. Da na haifi Nasiha, bazarar ce kuma, irin zafin da ko tabarma ba ta kwantuwa. Mahaifiyata ba ta da ƙarfin bin wannan doguwar hanya. Ina kallon jaririyar ina jin ita ma ba za ta zauna ba.

Kashegari Pauline ta shigo da ƙanshin gyaɗa a zaninta. Ta tarar na naɗe yarinya cikin rigar ulu da hula da safa, kayan da aka kawo mini barka.

"Ƙawata, dafa ta za ki yi?" in ji ta. Ta tuɓe mata su, ta bar ta da 'yar shimi. Ta juyo da ita cikinta ya manne da nawa, ta jira har ta buɗe baki sosai kafin ta ɗora ta a nono. Ciwon da nake ji ya ragu nan take. Ta ce kada in matse dakashi in zubar, wannan ruwan ɗorawan shi ne abincinta na farko. Cibiya kuwa a bar ta ta bushe, kada a shafa mata toka ko man goge baki.

Wahalar ita ce 'yan barka. Kowace ta shigo tana gumi sai ta ce yarinya ƙishi take ji. Gwaggon mijina, Hadje, ta zo da kofin roba shuɗi cike da ruwan randa, da ƙaramin cokali. Da irin wannan cokalin aka riƙa ba ɗana na fari ruwa. Ba zan iya musu da ita ba.

Pauline ta durƙusa ta gaishe ta, ta karɓi kofin da hannu biyu kamar za ta taya ta, ta miƙo mini. "Shanye."

Na shanye.

Hadje ta ce, "Ke Pauline, a dutsenku jarirai ba sa jin ƙishi ne?"

"Suna ji, Hajja. Yanzu ma ta sha, ta wurin uwarta zai bi. Ki dubi leɓen Iyatu, ita ce ta bushe."

Hadje ta dube ni, ta yi tsaki, ta ce a ƙaro mini wani. Daga ranar duk wadda ta ɗebo wa jaririya ruwa, cikina yake ƙarewa. Har matan unguwa suka riƙa tsokanata, wai na fi randa.

In tsoro ya taso mini, Pauline takan ɗago tsumman yarinya ta nuna mini. "Kin gani? A jiƙe. Mai ƙishi ba ta fitsari haka." Ruwan wankana da gwiwar hannu take gwada shi, ta surka, kunu kuma ta rage kanwa. In yarinya ta yi barci sai ta kore ni in kwanta. Ranar da jikin Nasiha ya yi zafi ta ƙi kama nono, Pauline ba ta tsaya jiƙa wani magani ba. Ta rufe tiren gyaɗarta, ta tare mana moto zuwa asibiti. Muka dawo da magani, yarinya ta warware. Ruwan sama ya sauka Nasiha tana nan, har da kumatu.

Haka muka zauna shekaru. Da salla in miƙa mata nama ta kan katanga, da Kirsimeti ta miƙo mini shinkafa. Ban san yawan masu jegon da ta shayar da wannan kofin ba, don a hannunta ya zauna. Sai bana, da ciwo ya kwantar da ita, ta aiko Larissa ƙaramar 'yarta ta kawo mini shi, a ranar da Nasiha ta haifi Taufiƙ.

Jiya da la'asar na leƙa ta. Ta rame, amma idonta na nan yadda na san shi. Na ɗaga kanta na ba ta ruwa, ta ɗan kurɓa.

Ta ce, "Angona yana kama nono?"

Na ce, "Kamar zai cinye uwar."

Ta yi dariya har tari ya tsayar da ita. "'Yan barka fa?"

"Sun cika ɗaki. Kowa na cewa ƙishi yake ji."

"To me kike yi a nan, ƙawata? Wa ke riƙe da kofin?"

Na ce, "Ni ce. Yanzu zan koma."

Ta ce, "Jeki. Ki cika mata shi sosai."