Rimok Mai Rufi da Mazaunin Yayana

Shekarun baya, lokacin da nake ba masu lambu hayar injunan ban-ruwa a bakin tafkin Madarumfa, da amalanken jaki muke jigilar kaya, ni da yayana. Shan inna ya taɓa masa ƙafar hagu tun yana ƙarami, don haka noma ba nasa ba ne. Aikinsa ya hau saman kaya ya zauna, ya riƙe inji kada ya zame, ya ja leda ya rufe in hadari ya taso. Daga can sama yake gaida kowa, masunta da masu tallan albasa, har da waɗanda ba su tanka ba.

Da na sayi babur sai kaina ya kumbura, na ce mun wuce jaki. Na ɗauki Yaya muka tafi Maradi wurin wani mai walda da ke ƙera rimok, wato amalanken ƙarfe, irin wadda ake ɗaura ƙarfen janta a kujerar bayan babur. Biyu muka tarar: ɗaya buɗaɗɗiya, ɗaya kuma akwatin ƙarfe ce mai rufi da ƙofa da kwaɗo.

Yaya ya dogara sandarsa ya hau buɗaɗɗiyar, ya gyara zama, ya bubbuga gefenta.

"Ƙanena, wagga ta yi. Ga wurin inji, ga wurin tiyo, ga nawa."

Ni kuwa ina can da igiya ina awon mai rufin, tsawo da faɗi, kamar wani babban injiniya. Injuna biyu za su shige daidai, ruwa ba zai taɓa su ba, ɓarawo sai dai kallo. Mai walda ya ga inda zuciyata ta karkata, ya ce, "Wagga in ka datse kwaɗo, ko mai gadi ba ka buƙata."

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi, Yaya yana zaune yana ji. Ya sauko a hankali, ya ɗauki sandarsa ya ce, "Gaskiya ya hwaɗi. Ɗauki mai ruhin."

Washegari na fito da safe na tarar da shi a ƙofar gida, ya sa riga da hula kamar kullum. Sai a lokacin na lura: ƙarfen jan rimok ɗin ya cinye kujerar bayan babur, cikin akwatin kuma ba a saka mutum. Na ce masa ya huta yau, zan san dabara. Ya ce, "Allah shi kiyaye hanya."

Dabarar ta ɗauke ni wata bakwai. Kullum aiki, kullum gobe. Shi kuma kowace safiya yana nan a ƙofa da hularsa, in na dawo ya tambaye ni ko ruwan tafki ya ja baya, ko tumatirin wane ya nuna. Ina amsawa a tsaitsaye, a zatona hutu na ba shi.

Da zazzaɓin damina ya kwantar da shi, mahaifiyata ta tare ni a zaure. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Kai ƙahwa biyu gare ka, inda kaka so kaka zuwa. Shi amalanken nan ne ƙahwatai. Ka amshe, ba ka ba shi wata ba."

Ranar na koma Maradi, mai walda ya liƙa mazaunin katako da madogara a gaban rimok ɗin. Rabin wuni aikin ya ci, rabin wuni kacal. Na dawo muka tallabo Yaya zuwa ƙofa, ya shafa katakon ya yi murmushi.

"Ya yi daidai. Bari jiki shi saki, mu tahi mu ga ruwa."

Jiki bai saki ba. Kwana tara bayan nan Allah ya karɓi abinsa.

Na san ajali ba ruwansa da rimok, kuma na yarda da ƙaddara. Amma wata bakwai ɗin nan ni na ɗauke masa su, kuma har yau abin yana ci mini rai. Na auna inji, na auna tiyo, ban auna ɗan'uwana ba. Rimok ɗin tana nan, ba ta taɓa barin ɗigon ruwa ya taɓa kayana ba. In masu lambu suka ce in rage musu hanya, ba na hanawa, su hau mazaunin. Ni dai ba na waiwayowa sai mun isa bakin tafki.