Tulun Ruwan Sama

Batirin nan ya ba ni wahala fiye da babur ɗin kansa. Babur dai tura shi kake yi cikin rairayi, yau Maigatari, gobe Gagarawa, ka gaji ka kwanta. Batir kuwa reno yake so.

Lokacin ana shimfiɗa layin dogo ta wajen Gagarawa, ni ina Gumel ina yi wa wani Bature mai auna hanya aiki. Da zai tafi hutu ƙasarsu, bayan an yanke gero, ya kulle babur, ya ciro batir ya ba ni ajiya. Ya ce kada ya taɓa ƙasa, kada rana ta same shi, kada ruwansa ya ja baya har ƙarafan ciki su fito. Kuma ruwan sama kaɗai zan ƙara masa. Na rijiyarmu akwai kanwa, kashe shi zai yi.

Matata ce ta tara ruwan tun da damina, tun Baturen bai tafi ba. Ba ta tara na indararo, saboda ƙasar soro. Kwanuka take jerawa a tsakar gida, ta tace da farin ƙyalle cikin sabon tulu. Batirin kuma ta ɗora shi kan kifaffen turmi a ɗakinta, don ya fi sanyi. In farin gari ya feso a kawunansa in goge, in shafa man kaɗanya. Ruwansa ya taɓa huda mini riga. Tana yin faci tana dariya, wai ita ba ta taɓa samun gatan wannan baƙin akwati ba.

Da bazara zazzaɓi ya kwantar da ita. Bakinta ya yi ɗaci, ruwan rijiya ya ƙi shiga. Rannan bayan azahar ta ce, "Malam, sam mini na tulun nan, ko kurɓi ɗaya."

Na leƙa tulun, saura kaɗan, ga damina da nisa. Na ce mata na Bature ne, amma zan ɗebo mata na wata rijiya a Sule Tankarkar, an ce ya fi daɗi. Ta ce to. Na tafi da jaki, na kwana ɗaya. Kafin in dawo an kai ta makwancinta.

Har yau in hadari ya taso sai in kasa kunne, ko zan ji ƙarar kwanuka a tsakar gida.

Bature ya dawo kafin ruwan fari. Ya ɗaura batir, ya murɗa fitila, ko ƙyalli. Ya ce ba laifina ba ne, batir in ya daɗe a ajiye ba a tashi inji da shi ba, mutuwa yake yi, kowane irin ruwa aka ba shi. Ya ce in jefar.

Washegari da sassafe na ɗauki tulun zuwa maƙabarta, na juye abin da ya rage a kan kabarinta. Bai cika ƙoƙo biyu ba.